Sati Mai Hoto da Musun Zuwa Wata

Sati mutumin Palladan ne, amma a Samaru ya ƙarar da ƙarfinsa, cikin wani ɗan shagon hoto da ke kallon titin jami'a. Ɗalibai ne suka riƙe shi. Yana da labule mai zanen dogayen benaye, har yarinyar da ba ta taɓa wuce Kwangila ba takan fita da hotonta kamar a Landan aka ɗauka. Shi ya sa bai yarda da hoto ba ko kaɗan.

Amininsa Gabriel, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a Sabon Gari, ya yi imani Amurkawa sun taka wata. Sati kuwa ya ce a ɗaki aka shirya abin. Kan wannan musu suka yi furfura tare, a bencin ƙofar shago.

Wata yamma Gabriel ya sauko daga keke napep da hotuna a wayarsa. Ya ce wani kumbo da ke zagaya wata ne ya ɗauko su da kyamarorinsa.

"Duba nan! Ga gindin kumbon da suka bari, ga inuwarsa. Siririn layin nan sawunsu ne."

Sati ya fitar da hoton a babbar takarda, ya ƙura masa ido.

"Kashin ƙuda ne," in ji shi. "Su suka ce sun je, su suka aika kyamara, su suka kawo shaida. Ba ni kwamfuta, in sa maka kakarka a wurin tana daka."

Da damina hawan jini ya kayar da Gabriel a bakin aiki. Ya farfaɗo da shanyewar ɓarin jiki, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sati yakan rufe shago ya je dubiya. Martina, matar Gabriel, ta roƙe shi.

"Baban Sharon, ka ce masa ka yarda mana, ko ya ji sanyi."

"In na yarda, me zai tashe shi?"

Sai ya zauna bakin gado yana tsokana. "Ƙarya ne, ba wanda ya je." Gabriel yakan bugi katifa da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba. Sati ya ɗauka fushin ne zai kwance masa harshe. Bai kwance ba. Da Martina ta gaji, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kana ƙara masa ciwo. Kada ka sake zuwa."

A bakin wani mai shayi Sati ya ji rasuwar Gabriel. Wajen jana'iza ya tsaya can baya, ba wanda ya kira shi gaba.

Ba a daɗe ba wayoyi suka ƙarasa cinye sana'arsa, ya saki shagon ga mai sayar da caja. Yanzu yana zaune gidan 'yarsa Sharon, ciwon ƙafa ya hana shi yawo. Ran Lahadi, in an tashi daga coci, yakan gai da Martina. Takan gyara ɗankwalinta ta wuce.