Ranar da Wanzami Ya Mayar da Askarsa Cikin Zabira

Shekarun baya can, lokacin da nake ji da kaina a sana'ar feshi, duk mai gonar masara ko auduga a wajen Maska ya san ni. Gwanintata ita ce haɗi. In zuba maganin ciyawa, in ƙara na ƙwari, in ɗiga wani da ko sunansa ban iya karantawa ba, in gauraya da kara ina hura hanci. Robobin da suka ƙare kuwa ba na yarwa, a ganina asara ce. Matata takan wanke su da sabulu, wannan ta zuba man gyaɗa, waccan ruwan shan zuwa gona. Ragowar maganin a ƙarƙashin gadonmu nake ɓoyewa saboda ɓarayi. Matar tawa tana ɗauke da cikin fari, amma ita ke wanke min kayan feshi da hannunta.

Ta haifi namiji. Bayan suna da 'yan makonni na kira wanzamin gidanmu ya yi masa kaciya. Dattijon ya buɗe zabira ya zaro aska, ya karɓi jaririn ya duba, ya sake dubawa, sai ya mayar da askarsa.

"Malam, ba zan taɓa yaron nan ba. Ƙofar fitsarinsa ba a kai take ba, a ƙasa take. Ku kai shi asibiti."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, in hannunka ne ya fara rawa ka faɗa min, in nemo wani."

"Nemo goma ma. Amma asibiti tukuna."

Da ba don mahaifiyata ta tsare ƙofa ba, da na nemo ɗin. Muka je Malumfashi, aka tura mu Zariya. Likitan ya ce in gode wa wanda ya hana kaciyar, domin da fatar da ake yankewa a kaciya za su gyara hanyar fitsarin. Ni dai tambaya ɗaya na yi masa: "Likita, zai zama namiji kamar kowa?" Ya ce da yardar Allah. Sannan ya tambayi sana'ata, na zayyana masa haɗina har da murmushi. Shi bai yi murmushin ba. Ya ce ba zai rantse cewa shi ne sanadi ba, amma irin waɗannan magunguna, ko kowanne kaɗan ne, in suka taru a jikin mai ciki suna iya dagula sinadaran da ke gina halittar ɗa namiji.

A motar dawowa na kasa kallon matata. Kunya nake ji, da tsoro.

Da yaron ya haura shekara aka yi masa aiki, kuma ya yi kyau. Yanzu yana firamare, ƙiriniya kamar me. Ni kuma ɗakin magani daban na gina a bayan gida, kayan feshina ni ke wankewa a gona, duk robar da ta ƙare sai na huda ta. Maƙwabta na tsokanata da mai huda roba, ban damu ba. Ƙannen yaron biyu maza lafiya lau aka haife su.

Abin da har yau yake taɓa ni, ni mai gwaninta na so a yanka, tsohon da na yi wa rashin kunya ya ƙi. Ranar da aka sallamo mu daga asibiti na kai masa zakara, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Ladan wane aiki?"

Na ce, "Na wanda ba ka yi ba, Baba."