Sau Uku Na Ga Ya Rufe Ƙofar, Anti Wosila

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, ina tsakiyar kwashe wake aka zo aka ce min Anti Wosilatu Ajagbe ta rasu a asibiti, hawan jini ne. Ban yi kuka ba. Na rufe tukunya na zauna.

Anti Wosila, shekara goma sha ɗaya kina cin waken da nake sayarwa a makarantar gwamnati nan Epe, kuma babu ranar da ba ki kushe shi ba. Yau gishiri ya yi yawa, gobe manja ya yi kaɗan. Kya ce, "Iya Sidi, da tsakuwa kika dafa ko da wake?" Sai kuma ki sa a ƙara miki. Ranar da mijina ya mutu, ke da kike malamar lissafi kika ɗaura zani kika wanke min tukwane har la'asar. Jakarki kuwa ba ta rabuwa da audugar mata, saboda 'yan matan da abin ke zo wa a aji.

Shi ya sa da abu ya sami wata yarinya, ke ta samu ta gaya wa. Ba zan faɗi sunanta ba. Shekararta goma sha uku lokacin. Ta ce miki Mista Olokode, malamin kimiyya, yana tsare ta a ɗakin gwaji bayan an tashi. Kika je wurin shugaban makaranta, ya ce ki bar masa maganar, zai sa a mai da mutumin wata makaranta shiru, kowa ya huta. Kika tambaye shi ko can babu 'ya'yan mutane. Kika ce doka ta ce duk mai aiki a makaranta da ya ji ko ya ga irin wannan, dole ya kai wa hukuma, ba a sasanta shi a ofis. Ranar kika rubuta takarda kika kai da ƙafarki.

Sai aka turo miki uban Olokode. Tsoho ne, ya haura tamanin. Ya shigo gidanki da farar riga, ya kwanta rub da ciki a gabanki, goshi a ƙasa, maƙwabta na kallo. Kowa ya sani, in tsoho ya yi maka haka magana ta ƙare, ko ɗanka aka kashe. Ke kuwa kika durƙusa kika tashe shi, kika kakkaɓe masa riga, kika ce, "Baba, da laifin a kaina aka yi, da na yafe tun kafin ku kwanta. Ba nawa ba ne."

Garin nan bai yafe miki wannan ba. Ba a yi zancen abin da aka yi wa yarinya ba, sai zancen malamar da ta kunyata tsoho. Malamai suka daina zama kusa da ke. Wata biyu tsakani aka mai da ke wata makaranta a hayin ruwa, kina shekara hamsin da takwas, kullum cikin kwalekwale da ƙafa a kumbure. Olokode kuwa an dakatar da shi kawai, yana yawo a gari yana ƙiba, shari'a kullum a ɗaga.

Yanzu nawa laifin. Daga inda nake ajiye tukunya ana hango ɗakin gwaji. Sau uku na ga ya shiga da ita ya rufe ƙofar. Kika zo kika same ni ina wanke kwanoni, kika ce, "Iya Sidi, dokar nan har da ke fa. Ke ma a nan kike aiki." Na ce miki ni idona a kan wakena yake. Tsoro na ji shugaban ya kore ni daga wurin, don ya riga ya ce min in kama bakina. Kika dube ni kika tafi, kuma ba ki sake tayar min da zancen ba. Na so a ce zagina kika yi.

Ranar addu'ar kwana takwas shugaban makarantar nan ya zo, ya karɓi abin magana ya ce ke uwa ce ga dukan ɗalibai, har da share ido. Olokode ma ya zo, ya ci shinkafar sadakarki, ya nemi ƙarin nama. Ina tsaye a bayansa ina rabon ruwa na ji yana ce wa abokinsa mai surutun ta tafi, saura maganar yarinya, wa zai saurare ta.

Washegari na sa kayana na fita, na tafi ofishin da kika kai takardarki. Na gaya wa matar da ke wurin abin da na gani, da ranakun da na iya tunawa, da abin da shugaban ya ce min a kan in kama bakina. Ta rubuta, ta karanta min, na dangwala yatsa. Kafin sati ya zagayo an hana ni shiga makarantar. Sun makara. Wake ko a bakin titi ana sayensa. An ce tsohon nan uban Olokode zai zo ya kwanta min. In ya zo, zan ba shi tabarma, amma ranar zaman kotu ina can tun safe.

Allah ya jiƙanki, Anti Wosila, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika sha a kan 'yar wani ya zama sanadin Aljannarki. Ina yi wa mijinki Alhaji Ajagbe da 'ya'yanki Morufu da Latifatu ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri, kada ku sunkuyar da kai a garin nan. Ke kuma yarinya, Allah ya warkar miki da zuciyarki. Ki yafe min in kin iya.

Olokode kuwa ba na roƙa masa mutuwa. Allah ya ba shi lafiya da tsawon rai, yadda duk shekarun da alƙali zai yanke masa zai zauna ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, ko kwana guda kada ya ragu. Amin.