Ban Yafe wa Ɗan Aƙida Ba

Maigidana ya shekara goma sha tara a Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk wanda ya ce kuɗi ne ya zaunar da shi bai san shi ba. Aikinsa tura tsofaffi da marasa ƙafa a keke su yi ɗawafi da sa'ayi, abin da yake samu kuwa bai taɓa wuce na haya da cefane ba. Burinsa guda ne a duniya: ajali ya same shi a garin nan, a shiga da gawarsa Harami a sallace ta bayan sallar farilla, a binne shi a ƙasar Makka. Saboda wannan burin ya jure ɓoye-ɓoye da guje-guje, ya koyi sunkuyar da kai in ya hango askarawa. Ni kuma na biyo shi, na zama takari kamar sa, ina tuƙa tuwo ina sayar wa alhazai.

Aibinsa ɗaya, Allah ya jiƙansa, shi ne siyasa. A gidan da muke haya a unguwar Zahir akwai tsakar gida mai ɗan faɗi, bayan la'asar maza sukan shimfiɗa tabarma su dafa shayi su ɗauko siyasar gida kamar gobe za su jefa ƙuri'a, alhali babu mai katin zaɓe a cikinsu, wasu ma fasfonsu ya mutu tun 'ya'yansu na goye. Amma ka ji su! Wannan ɗan adawa ne, wancan ɗan gwamnati, wani ya ce shi ɗan ci-gaba ne, a ce masa ƙarya yake, ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ne. Maigidana kuwa in an zo kansa sai ya dafa ƙirji ya ce shi ɗan ra'ayin talakawa ne, gadonsa ya yi, don mahaifinsa har bulala ya sha a kan wannan ra'ayin zamanin da. A lokacin ya zama ɗan gani-kashe-nin wani ɗan takarar gwamna na jiharmu, mutumin da bai taɓa gani ido da ido ba. In suka tsokane ni suka ce ni 'yar wace jam'iyya ce, nakan ce musu ta tukunya, su miƙo kwanukana in sun gama.

Mai gidan hayar tamu haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa a ƙafa. Hausarsa a karye take, amma in surutun ya yi yawa yakan leƙo ya ce, "Ya jama'a, kalas! Siyasa mamnu'i, an hana, ku bar ta can ƙasarku." Su yi shiru, yana juya baya su ɗora daga inda suka tsaya.

A wannan tabarmar mutumin da nake ba da labarinsa ya same mu. Ɗan jiharmu ne, matashi a kan maigidana, kuma shi yana da iƙama, don yana aiki da wani mai ba alhazai hayar masauki a Aziziyya. Baki gare shi kamar reza. Ranar farko da aka tambaye shi ɓangarensa sai ya gyara zama ya ce shi ba ɗan jam'iyya ba ne, ɗan aƙida ne, jam'iyya ta 'yan neman abinci ce. Daga ranar sunan ya bi shi, kowa Ɗan Aƙida yake ce masa. Maigidana ya ɗauke shi ƙani, shi kuma yana kiran maigidana Yaya, ni Hajiya. Malmalar tuwona da ya ci kyauta, in da tarawa aka yi, ta gina ɗaki. Ban taɓa yarda da shi ba, amma ba zan yi ƙarya in ce na hango abin da zai yi ba. Kawai dai na lura in ana musu idonsa na kan wanda ya fi kowa tsadar agogo.

Cikin azumin da ya gabaci zaɓe ya zo da wani ƙyalle mai girman darduma, an buga hoton ɗan takarar a jiki. A shekarun nan wata al'ada ta shigo: magoya baya su ɗaga hoton gwaninsu a farfajiyar Harami, a ɗauke su a waya ana masa addu'a, a tura gida a ce ga shi har a ɗakin Allah ana roƙa masa nasara. Kowa a garin nan ya san an hana, ko tattabarun Harami sun sani. Mai takarda in aka kama shi ya sha tambayoyi. Marar takarda kuwa jirgi ne.

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji yadda ya shirya zancen. Ya ce, "Yaya, ni in na ɗaga za a ce ɗan boko ne aka biya. Kai kuwa fuskarka ta talaka ce, kowa ya gan ka ya san daga zuciya ne. Minti ɗaya ne, ni zan riƙe wayar in yi addu'ar."

Na ce, "Malam, wallahi kada ka je. Shi yana da iƙama, kai me gare ka?"

Maigidana ya yi dariya ya ce, "Ke dai tsoro gare ki. Mutum ya yi shekara da shekaru yana cewa shi ɗan ra'ayin talakawa ne, ranar da aka ce ya nuna sai ya ɓuya bayan mace?" Ya ninke ƙyallen ya cusa ƙarƙashin kujerar kekensa, suka fita bayan la'asar.

Matan da ke wajen ne suka ba ni labarin sauran. Ya ɗaga hoton da hannu biyu, Ɗan Aƙida na can gefe yana zuba addu'a da ƙarfi, fuskarsa ba ta cikin waya. Da askarawa suka nufo su, sai ya jefa wayar aljihu ya shige cikin jama'a yana tasbihi kamar bai taɓa ganin maigidana ba. Aka tafi da Malam, keken na tsaye a wurin. Ban sake sa shi a ido ba. Daga can aka wuce da shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki zanen yatsunsa, wanda ke nufin ƙofar ƙasar nan ta rufe masa. Na aika masa da riguna biyu da carbinsa ta hannun wani direba.

Kafin a sa shi a jirgi bidiyon ya riga shi isa gida. An yanke wajen askarawan, sai tsoho riƙe da hoto da muryar Ɗan Aƙida tana rawa kamar mai kuka. Da wannan ya samu shiga wajen manya, ya tattara ya koma gida aka sa shi cikin masu yaƙin neman zaɓe. Ɗan takarar ya faɗi. Ba a yi wata biyu ba muka ji mai aƙida ya sauya sheƙa zuwa ɓangaren da ya ci, har an ba shi ɗan muƙami. A tabarmar gidanmu aka yi ta dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Na so in miƙa kaina a mayar da ni in bi mijina, ya hana. Ya ce in zauna, ko Allah zai buɗe wata hanya, in na fito mun rasa ƙofar mu biyu. Ya zauna a zauren ƙaninsa a ƙauye, ciwon suga ya taso masa, mutumin da ke zagaya Ka'aba da keke sau da yawa a yini ya koma sai an riƙe shi. Har ya kwanta bai daina cewa shi ɗan ra'ayin talakawa ba ne, ni kuma in na ji sai zuciyata ta yi kamar ta fashe, don talakawan ba su san yana yi ba. A wayarmu ta ƙarshe na tambaye shi ko ya yafe wa mutumin nan. Sai ya ce, "Kin je Harami yau? An sallaci gawa?" Na ce an sallata. Ya ce, "Sun dace." Bayan kwana huɗu ya cika, aka binne shi a bayan gari. Na yi takaba ni kaɗai a ɗakinmu na Zahir.

Ba zan ɓoye ba, tun daga ranar nake neman ramuwa, kuma ban san ta inda zan same ta ba. Mace marar takarda ba ta da inda za ta kai ƙara. Ashe shi zai kawo kansa.

Hajjin da ya zagayo bayan rasuwar, ranar takwas ga wata da hantsi, ina bayan wani masaukin alhazan jiharmu a Aziziyya da kulolin tuwo da miyar kuka, ido ɗaya kan ciniki ɗaya kan titi. Ranar ce ake fita Mina, motoci sun yi layi. Ranar ce kuma ta neman gafara. Malamai sun sha faɗa wa alhazai cewa tsayuwar Arfa tana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum yana nan sai mai shi ya yafe. Saboda haka kafin a hau mota za ka ga ana bin juna, a yafe mini, a yafe mini. Amsar ma a bakin kowa take, ba a ko tunani: ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kaina na faɗe ta sau ba adadi a safiyar, har ga waɗanda ban sani ba.

Sai ga Ɗan Aƙida cikin harami, ya yi ƙiba, wuya ya ninku, mutum huɗu na biye da shi, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani ne ya gaya masa ina nan. Ya ɗan rusuna a gabana, ba har ƙasa ba, daidai yadda zai yi kyau a hoto.

"Hajiya, ina kwana, ina gajiya? Wallahi kullum kuna raina. Ya Yaya? Yana nan lafiya dai ko?"

Wato ko rasuwar bai ji ba. Na dafe murfin kula na bar shi ya ci gaba.

Ya ce, "Abin da ya faru ƙaddara ce, sharrin shaiɗan ne. Na zo ki yafe mini, ki ba ni lambarsa shi ma in roƙe shi kafin mu hau mota. Kuma ki gaya masa baɗi in sha Allahu kujerar Makka tasa ce, ni zan sa sunansa da hannuna."

Na ce, "Alhaji, kafin nan, yanzu kai ɗan me ne? Na ji an ce ka tashi daga inda ka bar shi."

Ya yi 'yar dariya ya waiga wajen mutanensa. "Haba Hajiya, aƙida tana nan daram. Jam'iyya ai riga ce, talaka muke wa aiki ko'ina muke."

Na ce, "To talakan da ka ba hoto ya riƙe maka ya mutu. Wata takwas ke nan. Yana bayan garinsu, kusa da wata tsamiya, in kana da hanyar kai masa kujerar sai ka kai."

Mai wayar ya sauke hannunsa. Ɗan Aƙida ya yi salati ya maimaita, na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma ina jin wannan karon ba na hoto ba ne. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar zarra. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun da aka tafi da Malam, kuma ban ji kunyar daɗin ba.

Ya durƙusa sosai, gwiwa a kan kwalta. "Hajiya, don girman Allah, don darajar garin nan, ki yafe mini. Ki yafe mini a madadinsa."

Na ce, "Nasa ba ni da iko da shi, sai kun haɗu. Shekara goma sha tara yana gadin kabari ɗaya a garin nan, ka raba shi da shi a minti ɗaya. Nawa kuma da nake da iko da shi, ban yafe ba."

Ba a saba jin wannan amsar ba. Matan da muke sana'a tare suka taso mini, "Haba Hajiya, a Makka fa kike, a wannan rana!" Wani dattijo cikin alhazan ya matso ya ce mini yafiya ta fi, mai yafewa ladansa na wajen Allah. Na ce, "Na sani, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ai ba a ce dole ba ne ko?" Ya ce ba dole ba ne.

Aka fara kiran 'yan motarsu. Mutanensa suka kama shi suka ɗaga, haramin ya zame daga kafaɗarsa yana ja. Ya yi taku biyu ya juyo, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajiya, gobe fa Arfa."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Shi ya sa na gaya maka yau, don ka hau da haƙƙin a wuyanka."