Takalmin Nura a ƙafar ɗan maƙwabci

Jama'a, yau an cuce ni a filin lekol, makarantar yaranmu!

Yaranmu na Matameye ne da na Kance a ƙwallon kwando. Ɗana Nura yana ta zurawa, ina ta washe baki. Saura zagayen ƙarshe, malaminsu Mushe Lawali mai horar da su ya fidda shi!

Na ce, "Mushe, lafiya?"

Ya ce, "Dokar gasa ce, Alhaji. Duk yaron da aka rubuta sai ya buga zagaye ɗaya, in ba haka ba a ba Kance wasan."

Wa ya rage bai buga ba? Ila, ɗan maƙwabcina Sale tela! Da silifa ma ya zo. Nura ya tuɓe takalmin da na sayo masa a Kano ya miƙa masa.

Ana dab da tashi, Kance na gaba da maki ɗaya, Ila ya wurga ƙwallo. Ta shiga, maki biyu, muka ci wasa!

Aka ɗaga shi sama, ɗana na tafa masa, ƙafa ba takalmi. Har matata ta rangaɗa guɗa!

Sale ya rungume ni, wai "Gado ne, Alhaji."

Gado? Kai da ko langa ba ka iya ba! Ni dai a dawo min da takalmina.