Karkashi a Kan Sulun Manya

Jiya 'yata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, kalli ikon Allah." Wasu Turawa ne a kan dutsen ƙanƙara, sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna gangarowa. Ta ce kowace hanya da alamarta: koriya ta 'yan koyo, shuɗiya ta masu ɗan hannu, baƙa kuwa sai gwanaye. Ban san lokacin da na kai hannu na shafa gwiwar hannuna ta hagu ba, wadda har yau ba ta miƙewa sosai. Na ce mata ai mu ma mun yi irin wannan, sai dai namu babu ƙanƙara.

A bayan ƙauyenmu, can wajen Paki, akwai wani faffaɗan dutse da muke sulu a kansa. Da rani, idan an kwashe amfanin gona, kowane yaro sai ya nemi fasasshiyar jarka ya zauna a kai. Har yanzu ina jin warin robar nan idan ta yi zafi da gogar dutse. Gonar kakanmu tana gindin dutsen, kuma shi ya raba mana wurin gida uku. Akwai na 'yan yaye, gajere, ƙarshensa yashi. Akwai na tsakiya. Sai na manya, wanda ke farawa tun daga ƙololuwa. Shi wannan yana da wani tozo a tsakiya, da ka wuce shi dole ka kafa dugadugai ka karkata hagu, in ba haka ba sai cikin duwatsu da sarƙaƙiya. Ba mai ƙara mataki sai Kaka ya gan shi da idonsa ya ce ya isa. Yana zaune a gindin ɗorawa yana tufkar igiya, amma babu abin da ke wuce shi.

Ni ne ɗan gaban goshinsa. Ni ke ɗaukar masa buzu zuwa masallaci, ni ke cin ragowar tuwonsa, kullum yana tsokanata wai ina so in ƙwace masa tsohuwarsa. Wannan ne ya tsone wa ɗan baffana ido. Ya girme ni da shekara uku, gidanmu ɗaya, Yaya nake ce masa, kuma shi ne sarkin sulun manya. Ba ya yarda kowa ya riga shi gangarowa.

Wata ranar kasuwa Kaka ba ya nan, sai Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kaka ya ce ka isa hawa na manya." Ni da ko na tsakiya ban gama ƙwarewa ba! Amma daɗi ya rufe mini ido. Bai gaya mini zancen dugadugai ba. Abin da na iya tunawa kawai iska a kunnena, sai kuma maɗori yana jan hannuna ina ihu.

Karayar ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Kaka ya tambaye ni wa ya ba ni izini, na gaya masa. Aka kira Yaya, ya rantse ya maya bai taɓa faɗi ba. Kaka ya dube ni ya ce, "Taurin kai na iya haƙuri da shi. Ƙarya kuwa a'a." Daga ranar buzu ya koma hannun Yaya. Tsokana ta ƙare. In na gaida Kaka ya amsa kamar yadda yake amsa wa kowa.

Kada ka ce yaro ba ya riƙo. Na riƙe abin nan damina guda da kaka guda. Ana shukar gero ina tunaninsa, ana yankan dawa ina tunaninsa. Duk sanda na ga Yaya ya saɓa buzun nan sai in ji kamar na haɗiyi garwashi.

Dabarar ta zo mini ne a tsakar gida, ranar da Inna ta jiƙa karkashi za ta wanke kai, ɗan kaɗan ya zuba a ƙasa, ƙanwata ta taka ta sha ƙasa. Kowa ya yi salati, ni kuwa Yaya ne ya faɗo mini a rai. Da rani ya dawo na ɗebi garin karkashi cikin tukunyar Inna, na jiƙa shi a gwangwani har ya yi yauƙi sosai. Ana sallar la'asar na zagaya na shafe bayan tozon nan, daidai wurin kafa dugadugai, inda ba a hangowa daga sama. Ban ji tsoron wani zai faɗa ba, don na san wanda ke fara gangarowa.

Ya zo kuwa, yana ɗaga hannu ɗaya don a gani. Ya wuce tozo, ya kafa ƙafa, ƙafa ta ƙi. Wallahi ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Aka zaro shi daga sarƙaƙiya, haƙoran gaba biyu sun tafi, riga duk yauƙi.

Kaka ya taso ya shafa rigar, ya murza yatsu, ya gane. Yaya ya nuna ni, baki cike da jini, ya ce, "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Kaka ya ce, "Me ka yi masa da zai yi maka haka?"

"Don na ce masa kun ce ya hau bara!"

Ya tona kansa da bakinsa, a gaban kowa.

Mu biyu muka sha igiyar da Kaka ke tufka, kuma nawa ya fi yawa, don ya ce da na kashe ɗan'uwana fa? Gaskiyarsa ce, yanzu da na haifa na sani. Amma ana kiran magariba, ina gefe ina shan majina, sai na ji an jefo mini abu a cinya. Buzu ne. Kaka ya ce, "Tashi, ɓarawon tsohuwa, za mu makara."

Kaka ya daɗe da rasuwa. Dutsen ma masu fasa tsakuwa sun cinye rabinsa, tozon nan babu shi, yaran yanzu a waya suke kallon sulun wasu. Yaya ya zama dattijo mai jikoki, ya sa haƙoran roba, ni kuma in na yi sujada sai na karkace. Muna zumunci lafiya lau, amma bai taɓa ce mini in yafe ba, ni ma ban ce masa ba. Duk ranar da ya aiko cewa zai zo gidana, nakan leƙa kicin in ce wa maiɗakina yau miyar karkashi za a yi.