Ɓarawon da Ya Shigo ta Filashi

Ko da na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta da makon da kwamfutocin shagona suka haukace ba.

Ina da shagon buga takardu a unguwar Ɗan Iya cikin Bauchi, yawancin masu zuwa ɗaliban jami'ar da ke Gubi ne. Mu 'yan layin muna da wata al'ada: duk wanda ya samo sabuwar manhaja kyauta, sai filashi ya zaga shago-shago kowa ya kwafa. Ƙin karɓa ma girman kai ne a wajenmu.

Kwatsam sai kwamfutocina suka fara nauyi. Ka danna abu, sai ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba. Fankokinsu suna ta gurnani, jikinsu zafi kamar murfin tukunya. Na ce zafin gari ne, na sayo fanka na kafa musu. Ina! Na kasa zaune na kasa tsaye, ina ta zagin kamfanin wuta da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A makon nan ne wata ɗaliba 'yar kudancin Bauchi ta kawo kundin kammala karatunta. A babbar kwamfutata muka buga shi, muka yi ta gyara, kuma a can kaɗai yake. Ranar miƙawa, ɗalibar ta zo da sassafe.

"Oga, don Allah yau ne fa ƙarshe," in ji ta.

"Kwantar da hankalinki, yanzu za a fitar."

Ban rufe baki ba sai ƙauri ya tashi, allon ya yi baƙi ƙirin. Wayyo!

Na kira wani abokina injiniya. Babbar ya ce ta ƙone da duk abin da ke cikinta. Da ya duba sauran sai ya girgiza kai.

"Malam, ba zafin gari ba ne. Wani ne can wata duniya yake haƙar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, da injinanka da wutarka. A cikin manhajar kyautar nan ya ɓuya, ya bi ya kama duka."

Ashe duk layinmu bauta muke yi wa mutumin da ba mu taɓa gani ba.

Ɗalibar ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta tattara tsofaffin takardunta ta ce, "Ba komai, Oga, sai baɗi." Wallahi har yau maganar nan tana ci mini rai.

Tun ranar, ko ɗan'uwana ne ya miƙo mini filashi, sai an bincika shi. A ce ina da girman kai, na yarda. Shekarar da yarinyar nan ta rasa dai ba ta dawo ba.