Gargaɗin da na ajiye a ƙarshen shafi

Shekarun baya, tun ban gama sanin hanyoyin Abuja ba, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar waya don manoma. Aikina shi ne in rubuta bayanin amfani da ita da Hausa: inda za ka danna, abin da zai fito, da yadda za ka yi idan ta ƙi. Gwajin wata uku suka ba ni. In na iya in zauna, in ban iya ba in koma gida wurin mahaifiyata, wadda ta riga ta sanar da duk dangi cewa 'yarta ta zama ma'aikaciya a Abuja.

Ɗaki ɗaya na kama a Orozo. Ban san kowa ba, kuma mutanen gidan kowa da sammakonsa da gajiyarsa. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba in banda kwandastan bas. Abokan hirata su ne littattafan soyayyar da na cika jaka da su tun daga gida, waɗanda na taso ina ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

Ranar da na fara, ogana ya miƙo mini kundin ƙa'idojin rubutu na kamfanin. Jimla ta zama gajera. Mataki ɗaya a layi ɗaya. Ba gaisuwa, ba karin magana. Gargaɗi kuma ya zo kafin matakin da ya shafa. Na karanta shi a bas, na ce a raina, wanda ya tsara wannan ba a taɓa rubuta masa wasiƙa ba. Ta yaya zan ce wa babban mutum "Danna nan" ko sannu babu?

Ogana yana jin Hausar kasuwa, amma ba ya iya karanta ta, sauran ma'aikatan ma haka. Ba mai duba aikina. Sai na saki alƙalamina. Kowane shafi sai na buɗe shi da "Barka da war haka, ya kai mai ciyar da al'umma." Ina rubutu ina hango mai karatun zaune a inuwar mangwaro yana murmushi, har nakan yi masa fuska da murya. Yanzu na san gaskiyar lamarin: ba bayani nake rubutawa ba, neman wanda zan yi wa magana nake.

Akwai shafin da ya koya mini hankali. A ƙauyuka, waya ɗaya ƙungiyoyin mata manoma biyu ko uku ke amfani da ita. Shugaba za ta bi gona gona tana shigar da sunayen manoma da hotunan gonakinsu, duk suna ajiye a wayar saboda rashin netwok. Sai ta samu netwok ta danna "Aika", sannan ta danna "Fita" ta miƙa wa ta gaba. In ta danna "Fita" kafin "Aika", komai ya goge. Ni kuwa na saba da littattafan da ke ɓoye babban sirri sai shafin ƙarshe. Na jera matakan fita tsaf, sannan can ƙasa na rubuta, "Amma kash! Akwai wani abu da ya kamata ki sani." Har daɗi na ji da na rubuta shi.

Wata Litinin layin wayar da manoma ke kawo ƙorafi ya yi ƙara. Ni aka ba shi don ni ce mai Hausa. Muryar wata dattijuwa ce, shugabar mata manoma a wani ƙauye kusa da Kwali. Hausarta irin ta waɗanda suka koye ta a kasuwa ce, amma ba ta ɓoye komai ba.

"Kai ne ya rubuta wannan takarda na cikin waya?"

"Ni ce, Mama."

"To 'yata, in rami yana gaba, yaushe ake gaya wa mutum? Bayan ya faɗi?"

Kwana huɗu ta yi tana yawo a ƙafa tana yi wa mata rajistar irin shuka. Ta bi shafina layi bayan layi, yatsanta yana danna abin da na ce. Sai da komai ya goge ta iso wurin "Amma kash" ɗina.

Ogana ya sa na fassara masa shafin tun daga gaisuwar. Ya riƙe kai.

"Madam, bayani muka ce ki rubuta, ba fim ba. Juma'a za a rufe rajista. In sunayen nan ba su dawo ba, ki tattara kayanki."

Washegari na hau motar Kwali da takalmin ofis. Mama ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta kira jikarta ta ce a kawo mini silifas. "Wannan takalmi na shiga banki ne," in ji ta. "Kunyar doya ba ya sanin 'yar Abuja."

Kwana uku muka yi muna bin gonaki muna sake shigar da sunayen. Matan suna ganinmu sai su fara tsiya. "Wannan ne mai kash ɗin?" Wata ta ce a ba ni fartanya in biya da noma. Na yi dariya, na kuma sha kunya. A gidan Mama na kwana, muka ci tuwo kwano ɗaya. Tun zuwana Abuja ban sa hannu a kwano da kowa ba sai ranar.

Da rana in muka zauna hutawa, sai ta riƙe wayar ta ce in karanta mata shafin daga kwafin takarda da na zo da shi. A nan na ga abin da ban taɓa tunani ba: ba ta jiran ƙarshen jimla. Da na ce "danna", yatsanta ya sauka. Duk kalmar da na ƙara don ado, tsayawa take tana neman ta a fuskar wayar. Na fito da biro na fara sokewa. Da na zo kan gaisuwar sai hannuna ya tsaya.

"Mama, in na cire wannan, ba zai zama rashin kunya ba?"

"Gaisuwa a baki ake yi," ta ce. "In kana so ka gaishe ni, ga gidana. Waya kuma ya gaya mini inda zan danna, ina da aiki."

Ranar Alhamis da la'asar muka hau wani dutse inda netwok ke kamawa. Ta danna "Aika" da kanta, muka zuba wa wayar ido har ta nuna ya tafi. Ta ba ni doya biyu, ta raka ni bakin titi.

Aikina ya tsira. Na koma na sake rubuta shafukan duka bisa kundin nan da na raina. Gargaɗi a sama, cikin layi ɗaya. Mataki ɗaya, layi ɗaya. Da na gama, babu inda za ka karanta ka ce ga muryata. Sannu a hankali layin ƙorafi ya yi shiru. Ogana ya ce wannan ita ce shaidar aiki ya yi kyau, har ya faɗa a gaban kowa. Na yi godiya, na ɗauki abincina na ci a bakin taga.

Yau ni ce ke riƙe da kundin, ni ke soke gaisuwar sababbin ma'aikata, kuma na yarda da kowane layi a cikinsa. Na fahimci cewa kula da mai karatu a wannan sana'a shi ne ka kauce masa daga hanya. Sai dai ba wanda ya gaya mini akwai kewa a cikin hakan. Bayan dawowata daga Kwali, makonni na yi, duk lokacin da wayar ofis ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka, ina fatan in ji an ce "'yata". Mama ba ta sake kira ba. Ba ta da dalilin kira, kuma ni na tabbatar da hakan da hannuna.